Agogon Nan Lafiyarsa Lau

Ran da editan wannan mujalla tamu ya tare ni a bakin ɗakin karatu ya ce lalle in kawo masa wani abu kafin ƙarshen wata, niyyata ita ce in yi masa sharhi a kan karin magana, don abin da aka san ɗalibin Hausa da shi ke nan, kuma ba wanda zai zage ni a kai. To amma akwai wata magana da ta tokare mini maƙogwaro tun zangon karatun da ya wuce, na yi na yi in haɗiye ta ta ƙi wucewa. Saboda haka malamaina su yi mini gafara, yau zancen ƙwallon kwando zan yi, a mujallar da aka saba ganin waƙa da nahawu.

Da yawa daga cikin masu karanta wannan suna bakin fili ran da tsangayarmu ta kara da 'yan Injiniya a wasan ƙarshe na gasar tsangayoyi. Sun san an cinye mu da maki 58 da 57. Sun kuma san abin da aka yi ta faɗi tun daga ranar, watau agogo ne ya lalace a sakan huɗun ƙarshe. Ni ne na fara faɗin haka, don ni ne mai riƙe da agogon. To jama'a, ƙarya na yi. Agogon nan lafiyarsa lau.

Kafin in shiga labarin, bari in ɗan yi wa wanda bai san wasan ba bayani, in ba haka ba zai ce wane irin sakarci ne mutum ya hana kansa barci a kan sakan huɗu. Mu dai wasannin da muka gada ba ruwansu da agogo. A dambe kisa ke raba gardama, a kokawa kaye, a langa kuwa sai ruwa ya sha. Ko ƙwallon ƙafa da ya zo mana daga baya, lokacinsa a wuyan hannun alƙalin wasa yake, shi ke ƙara abin da ya ga an ɓata, in ya hura usur shi ke nan. Ƙwallon kwando dabam yake. A dokar hukumar wasan ta duniya, wadda ake kira FIBA, ana raba wasa kashi huɗu, kowane kashi minti 10, amma minti goman nan na wasa ne tsantsa. Duk sa'ad da alƙali ya hura usur sai a tsai da agogo. Ba a kuwa tashe shi sai ƙwallo ya taɓa hannun wani ɗan wasa da ke cikin fili. Alƙali zai ɗaga hannu sama, da ƙwallo ya taɓa mutum sai ya sauke hannun kamar mai sara, kai kuma da ke kan tebur ka danna. A minti biyun ƙarshe na wasa ko ƙwallo ne ya shiga kwando sai an tsai da agogo. Bayan wannan ga sakan 24 da aka ba kowane ɓangare su yi jifa a ciki, ga sakan 8 na tsallaka rabin fili, ga sakan 5 na shigo da ƙwallo daga waje. In lokaci ya cika aka kaɗa ƙararrawa, abin da ake dubawa shi ne ko ƙwallo ya riga ya bar hannun mai jifa. In ya bari, ko yana iska aka kaɗa, in ya shiga ya ci. In yana hannu, ko da a kan yatsa ne, ya tashi a banza.

Ka ga ashe mai agogo ba ɗan kallo ba ne. Abin mamaki, James Naismith, mutumin da ya ƙago wasan a garin Springfield na Amurka a 1891, cikin dokoki 13 da ya rubuta alƙalin wasa ya ɗora wa aikin kula da lokaci. Daga baya ne aka sauke wa alƙali wannan kaya aka aza wa wani mutum a gefen fili. Rannan ni ne wannan mutumin.

Yadda aka yi na hau teburin ba wani abin alfahari ba ne. Gwiwata ce ta gurɗe tun farkon gasa, aka ce to tun da ba ka iya gudu, ga kujera. Filinmu na siminti ne, a waje, ba allon lantarki. Abin da ke kan tebur shi ne takardar rubuta maki, da ƙaramar ƙararrawa irin ta makarantar firamare, da agogon awon gudu mai igiya da ake ratayawa a wuya, wanda aka karɓo daga ma'ajin kayan wasanni. Ba wanda ya ga aibu a ce ɗan tsangayar da ke wasa shi ke riƙe da lokaci. Har kyaftin ɗin 'yan Injiniya ya dafa kafaɗata yana dariya ya ce, "Ustazu, kai dai mun yarda da kai." Wannan magana tasa ta fi komai ci mini rai daga baya.

Na riƙe amanar nan minti 39 da sakan 56. Muna gaba da maki ɗaya, sai wani dogonsu ya kutsa ya zura ƙwallo, suka koma 58 muna 57. Na tsai da agogo daidai, na miƙe na yi shela da ƙarfi cewa saura sakan huɗu. Ba mu da sauran hutun shawara, don kocinmu ya riga ya cinye su, saboda haka dole daga ƙarƙashin kwandonmu za a shigo da ƙwallo, a ratsa fili gaba ɗaya. Aka jefo wa ɗan gajeren nan namu na sashen Tarihi. Ya cafe, ya buga a ƙasa sau biyu yana gudu, ya wurga wa kyaftin ɗinmu da ke gefen dama, shi kuma ya daka tsalle ya saki. Ƙwallo ya daki allo ya faɗa kwando. Fili ya ruɗe. 'Yan matan ajinmu na guɗa, samari sun afka cikin fili sun ɗauki kyaftin a kafaɗa. Ni ma ina cikin ihu, sai na ji wani abu yana dukan ƙirjina. Agogo ne ke lilo a jikin igiyarsa. Na kama shi na duba. Yana nan inda na tsai da shi.

Ban taɓa jin sanyi irin na wannan lokaci ba, ga shi kuwa ana tsakiyar zafin bazara.

Kafin ka ce kwabo an kewaye tebur. Kowa da dokarsa, kuma abin ban dariya, dokar kowa ta yi daidai da abin da zai amfane shi. Namu suka ce wasa ba ya ƙarewa sai an ji ƙararrawa, ba a kuwa ji ba, saboda haka ƙwallo ya ci. 'Yan Injiniya suka ce ai lokaci ya daɗe da wucewa, wani ma ya rantse an yi sakan bakwai. Masu neman sulhu suka ce a koma a sāke sakan huɗun. Wani yana ta ihu "daƙiƙa huɗu, daƙiƙa huɗu", wani malamin Larabci da ya zo kallo ya ce in daƙiƙa huɗu ce ta rage ai da sauran wasa da yawa, me ake rigima a kai? Gaskiyarsa, don a Larabci daƙiƙa minti ce, mu ne muka aro kalmar muka bar ta tana yawo tsakanin minti da sakan, har masu karanta labarai a rediyo. Shi ya sa a wannan rubutu na tsaya a kan sakan, kada a sāke samun saɓani.

Babban alƙalin wasan wani dattijo ne daga cikin gari, tsohon malamin motsa jiki da ya yi ritaya. Ya ratso taron a hankali ya tsaya gabana ya ce, "Samari, me ya faru?"

Na ce, "Baba, agogon ne. Na danna ya ƙi tashi."

Ya miƙo hannu na ba shi. Ya juya shi gaba da baya, ya dube ni, ya mayar mini. Bai danna ba. Sa'an nan ya kira mataimakinsa da kyaftin biyu ya tambayi mataimakin ko ya yi ƙirga. Saurayin ya ce a'a, shi yana ƙarƙashin kwando yana duban masu ture-ture. Dattijo ya ce to shi ya ƙirga. Ya ce shekara da shekaru yana busa a filayen da ba allo, saboda haka duk sa'ad da wasa ya zo ƙarshe yakan riƙe lokaci a ransa, ko da agogo goma ne a kan tebur. Daga sa'ad da ya sauke hannu ya ƙirga huɗu cif, ya soma ta biyar, ƙwallo na hannun kyaftin ɗinmu tukuna. Ya ce ƙwallo bai ci ba, wasa ya ƙare. Mutane suka yi ta tura masa wayoyi a fuska wai ya duba hoton bidiyon da suka ɗauka. Ya ƙi ko kallo, ya ce doka ba ta san wani hoto ba sai na na'urar da alƙali ya amince da ita tun kafin a fara wasa. Ya sa hannu a takarda ya hau babur ɗinsa.

Da dai a ce ni mai hankali ne, da na kwana ina godiya da aka rabu ba a fasa mini kai ba. Amma ɗan Adam in ya yi laifi yakan nemi wanda zai rataya wa. Na shiga cikin masu cewa dattijon ya zalunce mu, ya kamata a sāke sakan huɗun. Na ma yi alkawarin zan binciko hujja. Wannan bincike ne ya kai ni Munich.

Wasan ƙarshe ne na ƙwallon kwando a gasar Olamfik ta 1972, a Jamus ta Yamma, tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, ana tsakiyar zaman doya da manja tsakanin ƙasashen biyu, kuma 'yan kwanaki kaɗan bayan harin da aka kashe mutum 11 na tawagar Isra'ila. An fara shi da tsakar daren 9 ga Satumba aka gama an shiga 10 ga wata. Tun da aka sa wasan a Olamfik a 1936 ba a taɓa cin Amurka ba, wasa 63 a jere. Amma rannan Sobiyet ne a gaba tun daga farko. Suna 49 Amurka na 48, sai Doug Collins ya tare wani ƙwallo da Alexander Belov ya wurga, ya sheƙa zuwa kwando, aka maka shi da ƙasa. Saura sakan uku. Aka ba shi jifan kyauta biyu. Ya ci na farko. Yana cikin ɗaga na biyu sai ƙaho ya yi ƙara daga tebur, bai kula ba ya saki, ya shiga. Amurka 50, Sobiyet 49.

Daga nan ne aka shiga abin da Bahaushe ke kira an yi ba a yi ba. Sobiyet suka shigo da ƙwallo, amma mataimakin kocinsu ya riga ya isa tebur yana faɗa, yana cewa sun nemi hutun shawara ba a ba su ba. Alƙali Renato Righetto, mutumin Birazil, ya tsai da wasa saura sakan ɗaya. Sai ga William Jones, Baturen Ingila, babban sakataren FIBA tun kafa ta a 1932, ya sauko daga inda manya ke zama ya ɗaga yatsu uku, watau a mai da agogo sakan uku. Bisa doka ba shi da ta cewa a cikin wasan da ake yi, amma wa zai ce wa sarki a'a a fadarsa? Aka sāke ba Sobiyet ƙwallo. Wannan karon kuma alƙali ya yi gaggawa, ya miƙa ƙwallo alhali masu tebur ba su gama gyara agogo ba, yana nuna sakan 50. Aka shigo da ƙwallo, ƙaho ya yi ƙara, jifan Sobiyet bai shiga ba. Amurkawa suka rungumi juna, 'yan kallo suka cika fili, kamar dai yadda namu suka yi. Aka ce a'a, a koma, ba a ba da sakan ukun daidai ba. A karo na uku Ivan Edeshko ya wurga ƙwallo daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan, Belov ɗin nan da ya yi ɓarnar farko ya cafe tsakanin Amurkawa biyu, ya zura. 51 da 50.

Amurka ta kai ƙara gaban kwamitin mutum biyar, daga Hangari da Polan da Kyuba da Italiya da Puerto Rico, aka kayar da ƙarar da ƙuri'a uku da biyu. 'Yan wasan suka ƙi karɓar lambar azurfa. Lambobin suna ajiye a Lausanne ta ƙasar Suwizalan, har ɗayansu, Kenny Davis, ya rubuta cikin wasiyyarsa cewa kada magadansa su karɓa bayan ransa. Shi kuwa Belov ya rasu a 1978 yana ɗan shekara 26. Rashawa sun yi fim a kan wasan a 2017, su a wurinsu labarin jarumtaka ne.

Da na gama karanta wannan sai na yi tsalle, na ce ga hujjata. In an sāke sakan uku har sau biyu a Olamfik, wane ne wani tsohon malamin motsa jiki da zai hana a sāke huɗu a filin siminti? Amma da na kwanta na yi ta juya abin, sai hujjar ta juyo kaina. Ba na cikin masu cewa Sobiyet sata suka yi. Suna da abin kuka, don in har sun nemi hutu aka yi sakaci, an cuce su, kuma ba su ne suka miƙa ƙwallo agogo na nuna 50 ba. Amma dubi abin da sākewa ta haifar. Kowane komawa baya ya share wani abu da ya riga ya faru a gaban idon jama'a, ya kuma ba ɓangare ɗaya damar gwada wata dabara bayan ta farko ta ƙi. Sau uku Sobiyet suka gwada, Amurka kuwa sau uku aka ce ta tsare abin da ta riga ta tsare. Lokaci ba zane ba ne da za a warware a sāke ɗaurawa. Da an sāke namu, 'yan Injiniya sun riga sun ga inda za mu bi, mu kuma an ba mu rai na biyu wanda ba mu biya kuɗinsa ba. Ko wa ya ci, ɗayan zai tafi da tabo. Ga mutanen Munich nan, fiye da shekara 50 ba su huce ba. Wani abin da na lura da shi kuma, wanda ya sa na kasa cin tuwon dare, shi ne duk wannan bala'i daga tebur ya taso, wurin masu agogo da ƙaho, irina.

Na ci gaba da tono, yanzu kam ba don in kā da dattijo ba. Dokar da makarantun sakandare na Amurka ke bi ta fi fito da maganar fili. Ta yarda alƙali ya gyara kuskuren mai agogo, ko na tashi ko na tsayarwa, amma da sharaɗin yana da tabbataccen sani game da yawan lokacin da ya wuce, kuma ta karɓi ƙirgar da alƙali ya yi da kansa a matsayin irin wannan sani. Kintace ba ya shiga. "Ina jin an yi kamar sakan bakwai" ba shaida ba ce, ko mutum ɗari suka faɗa. Yadda na fahimci wannan doka, da dattijon bai ƙirga ba, ba shi da hurumin cire ko sakan guda. Da ƙwallonmu ya ci, kuma a miƙa wa 'yan Injiniya ƙwallo da sakan huɗun nan daram a kan agogo. Ita kuma dokar FIBA ta ba babban alƙali ikon yanke magana ta ƙarshe in an sami saɓani, da kuma ikon hukunci a kan duk abin da littafin bai ambata ba. Watau tambayar da doka ke yi ita ce nawa ne ainihin lokacin da ya wuce, kuma wa ya san shi sani na haƙiƙa. A duk taron nan na ɗaruruwan mutane, mutum ɗaya ne ke da amsa.

Akwai wani labari kuma da ya taɓa ni ta wani gefe. Ran 15 ga Janairu 1990, ƙungiyar New York Knicks na wasa da Chicago Bulls, an yi kunnen doki, saura kashi ɗaya cikin goma na sakan. Aka jefo wa Trent Tucker ƙwallo, ya cafe, ya juya, ya jefa daga nesa, ya shiga, aka kuma ba shi. Kowa ya san ba ɗan Adam ɗin da zai yi wannan duka cikin ƙiftawar ido. Abin da ya faru shi ne yatsan mai tashin agogo ma yana bukatar lokaci kafin saƙo ya zo masa daga ido. Daga nan aka kafa doka cewa in abin da ya rage bai kai kashi uku cikin goma na sakan ba, ba a yarda mutum ya cafe ya jefa ba, sai dai ya doki ƙwallo yana iska. FIBA ma ta ɗauki irin wannan doka a 2010. A manyan wasanni yanzu har usur ɗin alƙali an haɗa shi da agogo, da ya hura agogo ya tsaya da kansa, ga kuma bidiyo da ake komawa a duba. Duk wannan ɗawainiya don a rage dogara ga yatsan mutum ɗaya ne.

Saura bidiyo. Wata 'yar ajinmu ta ɗauki ƙarshen wasan da wayarta, daga bayan tebur. Na roƙe ta ta turo mini. Ta ɗan yi shiru ta ce, "Malam mai agogo, ka tabbata kana so ka gani?" Ban gane nufinta ba sai da na buɗe. Can a gefen hoton ga ni tsaye, na ture kujera, hannuwana biyu a sama kamar mai roƙon ruwa, baki buɗe, agogo na reto a ƙirji. Tun kafin ɗan Tarihi ya cafe ƙwallo na miƙe. Ban ko kai hannu kusa da maɓallin ba. Yarinyar nan ta san haka tun daren, ba ta gaya wa kowa ba.

Agogon yana wurina har lokacin, don cikin ruɗani ban mayar ba. Na zauna a kan katifa na auna wasan sau goma, daga taɓa ƙwallo zuwa sakinsa. Mafi ƙanƙanta sakan 4.2, mafi yawa 4.5. Sau goman nan agogo bai yi gardama ko sau ɗaya ba. Dattijo ya yi daidai, da ƙirgar baki kawai. Amma ga inda abin ya fi ciwo. Da na yi aikina, yatsana zai makara kaɗan wajen dannawa, kamar na kowa, hannuna kuma zai makara kaɗan wajen kaɗa ƙararrawa. Haɗa biyun, mai yiwuwa ne ƙwarai ƙwallo ya bar hannun kyaftin kafin a ji ƙara, a ba mu, ba kuwa wanda zai ce uffan. Ashe lokacin wasa da lokacin gaskiya ba kullum suke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba, doka kuwa ta haƙura da wannan ɗan bambanci muddin kowa na bakin aikinsa. Ni da na bar aikina don in taya mu murna, mai yiwuwa ni na hana mu kofi.

Duk da haka na yi gum, da kuma maganar ta tsaya nan da wataƙila har yau ban buɗe baki ba. Sai 'yan tsangayarmu suka rubuta takardar koke, suka ce an ba da ruɓaɓɓen agogo a wasan ƙarshe. Har ni na sa hannu, don in na ƙi za a tambaye ni dalili. Takarda ta bi ofis-ofis ta sauka a kan wanda ya fi kowa rauni, watau tsohon da ke tsaron ma'ajin kayan wasanni. Aka ba shi takardar tuhuma, aka ce ya yi bayanin dalilin da ya sa bai gwada kaya ba kafin ya fitar. Mutumin nan saura kaɗan ya yi ritaya. Na gan shi wata rana zaune a bakin ma'aji da sauran agogunan a kan tabarma, yana danna su ɗaya bayan ɗaya, ya sayo musu sababbin batura da kuɗin aljihunsa. Ya ce mini, "Ɗana, in ka kawo wancan ɗin zan kai wa mai gyara, ban san abin da ya same shi ba." Na ce to, Baba. Na wuce kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ran Asabar na nemi alƙalin a filin wasa na cikin gari, inda yake koya wa yara da safe. Na durƙusa na gaishe shi, na soma kame-kame. Ya katse ni ya ce ai ya gan ni. Yana sauke hannu ya waiwayi tebur, kamar yadda ya saba, ya ga hannuwana a sama, shi ya sa ya ƙara ƙarfafa ƙirgarsa. Na ce, "To Baba, me ya hana ka danna agogon a gaban mutane?"

Ya ce, "Da na danna, da ƙafafun wa za ka koma ɗaki? Kuma ni ba a kawo ni in yi maka shari'a ba. Ko agogo ne ya ƙi, ko kai ne ka ƙi, sakan huɗu dai sun wuce. Hukuncina ɗaya ne."

Na tambaye shi yadda yake ƙirga har ta zo daidai haka. Ya yi dariya ya ce in ka ce ɗaya, biyu, uku, za ka yi sauri, balle in zuciya na bugawa. Shi buhu yake ƙirgawa: buhu ɗaya, buhu biyu, buhu uku. Ya ce tun yana saurayi ya daidaita bakinsa da agogon hannu har abin ya zauna. Da na ba shi labarin mai ma'aji sai fuskarsa ta canja. Ya ce wannan kam bai sani ba, kuma shirun da ya yi mini bai haɗa da wannan ba. Ya ce in tashi in je in gyara tun rana ba ta yi ba.

Na rubuta wa ofishin wasanni takarda na faɗi abin da ya faru, na haɗa da bidiyon bayan na nemi izinin mai shi, na kuma roƙi a janye tuhumar. An janye. Na ba da shawara nan gaba a sa mutum biyu a kan lokaci, kuma kada ko ɗayansu ya fito daga tsangayar da ke wasa. Sun ce za su duba. Kyaftin ɗinmu na same shi a ɗakinsa na gaya masa baki da baki, ya saurara har na gama, ya ce ya ji, tun daga ranar kuwa gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Sauran 'yan tsangaya da suka sa hannu a kan koke bisa maganata, yawancinsu a wannan shafi za su fara ji.

Agogon kuwa na mayar da shi da hannuna. Tsohon ya karɓa, ya danna, ya tsayar, ya sāke dannawa, ya rataye shi a ƙusa tare da 'yan'uwansa. Na zaro kuɗin baturan da ya saya na ajiye a gefen tabarma. Ya ƙirga, ya ɗauki daidai abin da ya kashe, ya turo mini canjina.